Takardun da Ba Su Jiƙe Ba

Shekarun baya, ina sabon fitowa daga jami'a, kaina cike da lissafi, aljihun rigata cike da biro, na samu aikin wucin gadi a wani ƙaramin ofis a Haɗeja. Bincike ake yi a kan ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, ana so a gano su wa ke son barin wurin aikinsu, kuma me ke korarsu. Aikina kashi biyu ne. Na farko in je in yi wa ma'aikata tambayoyi in cike fom, na biyu in dawo in zuba amsoshin duka a kwamfuta in ga abin da suka nuna. Wannan na biyun da shi nake taƙama, domin duk ofishin ni kaɗai na iya shi, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Shugabarmu, wata Hajiya mai magana a hankali, ta raba aikin biyu. Asibitocin da ke bakin kwalta, a kewayen gari da hanyar Kaugama, ni aka ba. Na cikin fadama, can wajen Baturiya inda ruwa ke shanye hanya a ƙarshen damina, aka ba wani dattijo da kowa ke kira Baba. Tsohon duba-gari ne da ya yi ritaya, siriri, ba ya rabuwa da fensir a bayan kunne. Ba shi da abin da yake tinƙaho da shi a duniya sai abu ɗaya: a duk shekarun aikinsa, in ya sa hannu a takarda ba a sake bincikarta. Yakan faɗi haka ba da alfahari ba, kamar dai mai gaya maka sunan unguwarsu.

Babbar tambayar da ke fom ɗin mai sauƙi ce. Da za a ba ka zaɓi, za ka ci gaba da aiki a wurinka ko za ka nemi canji? Na yi makonni ina yawo a kan babur ina yin ta. Duk asibitin da na shiga, sai in rubuta sunansa a saman fom, in kira duk wanda na gani da rigar aiki. Waɗanda suka daɗe a aiki yawanci su ce alhamdu lillahi, nan ɗin ma ya ishe su. Sababbin kuwa, da yawansu kamar jira suke a tambaye su. Ina tuna wani dogo mai farin tabarau, wanda yana magana yana goge takalminsa da hankici. Ya ce, "Malam, rubuta da manyan baƙi. Ruwa ya ishe mu. Ga sauro, ga ba hanya, waya ma sai ka hau tudu." Na leƙa ta taga, na ga kwalta a bushe, motoci na wucewa, wani yana sayar da kankana a gindin darbejiya. Na ce a raina, samarin yanzu da raki. Ni da na ce haka ban girme shi da ko shekara biyu ba. Na rubuta, na wuce.

Da takardu suka taru, na zauna gaban kwamfuta. Tari biyu ne, nawa na bakin kwalta da na Baba na cikin fadama. Kowane tari na raba shi gida biyu, sababbin ma'aikata da tsofaffin hannu. Abin da Hajiya ke son sani shi ne ko abin da ya bayyana a wannan tarin zai bayyana a wancan, domin in haka ne sai ta rubuta shawara ɗaya da za ta dace da ko'ina. A nawa tarin abu ya fito sarai: sababbi na son tafiya, tsofaffi sun zauna daram. Har na fara tsara yadda zan yi bayani a taro. Sai na buɗe na Baba, na ga komai ya kife. A cikin fadama tsofaffin ne ke son tafiya, sababbin kuma kusan dukkansu sun ce ba inda za su.

Na sake zubawa, na sake dubawa, amsa ba ta canza ba. A ce saurayi ko budurwa da ya gama makaranta jiya ya ƙi bakin kwalta, amma ya so tsakiyar ruwa? Hankalina bai ɗauka ba. Sai na ɗauko takardun Baba na jera su a kan tebur, a nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Takardun fes suke. Nawa da aka cike a tudu duk sun yi ƙura, wasu da tabon mai, ɗaya ma da shatin kofin shayi. Nasa da aka ce sun ƙetare ruwa sau biyu, babu ɗigo, babu laka, ko lanƙwasa babu.

Na je wurin Hajiya da kwamfutata a buɗe. Ban ce Baba ya yi ƙarya ba, na fi haka wayo. Cewa na yi ana samun masu aikin tambayoyi da kan zauna a gindin bishiya su cike fom da kansu, musamman in hanya ta yi wuya, kuma shekaru sun ja. Na nuna mata zanen lissafin da ya kife a kwamfuta, na nuna mata takardu masu tsabta. Ta daɗe tana kallo. Washegari ta miƙo mini ambulan da sunan Baba a bayansa, ta ce takardar sallama ce, za a kuma zubar da duk abin da ya tattaro. "Kai ka gano, kai za ka ba shi," in ji ta. "Amma ka san abin da wannan takardar za ta yi wa mutum irinsa a garin nan."

Na sani. Ba aikin ne abin ji ba, aikin na 'yan watanni ne. Abin ji shi ne a ce a Haɗeja an kori Baba duba-gari saboda ya ƙirƙiri takardu. Na sa ambulan a jaka, na yi kwana biyu ina kewaye shi. Da na rasa yadda zan yi, sai na ce masa ina so in raka shi asibiti ɗaya a cikin fadama, don in ga yadda aikin yake. Dabarata ita ce in kama shi bai san hanya ba, ko a ce ba a taɓa ganinsa ba, sai ba da takardar ya yi mini sauƙi. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce, "To, ɗana. Amma ba da wannan takalmin ba."

Da hantsi muka bar babur a wani ƙauye inda hanya ta ƙare. Ba a hankali ta ƙare ba, tana tafe da sawun amalanke a kanta sai kawai ta shige ruwa. Mai kwale-kwale, wani mutum mai furfura a gemu, yana ganin Baba ya ce, "Duba-gari, yau ka zo da baƙo?" Na ce wa kaina sanin mai kwale-kwale ba hujja ba ce.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan tafiyar ba. Ni ɗan gari ne, ruwan da na sani shi ne na famfo da na kwata. Ranar nan sama ta sauko ta kwanta a ƙasa. Gajimare a samanmu, gajimare a ƙarƙashinmu, kwale-kwalen na ratsa tsakiya ba ƙara sai ɗigar ruwa daga sandar da ake tura shi da ita. Goruba sun tsaya cikin ruwa har wuya. Furannin bado sun buɗe farare, muna zuwa su kauce, muna wucewa su koma wurinsu. Muka bi ta kan wata gona, ina hango kawunan dawa a ƙarƙashinmu suna rausaya, mai kwale-kwalen ya ce ta ƙaninsa ce, ya faɗa kamar ba komai. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. Can sai wani garken tsuntsaye ya tashi daga cikin kachala, doguwar ciyawar nan da ke cinye bakin ruwa, suka yi wani juyi gaba ɗaya, rana ta haska cikinsu, suka ɓace.

Na manta da kwamfuta, na manta da zane. Ban san ko awa ɗaya muka yi ko uku ba. Na sa hannu a ruwa, da ɗumi a sama da sanyi a ƙasa. Daga nesa ana jin kukan shanu da muryar wata mata tana kiran wani, ba ka ganin kowa, muryar kawai ke tafiya a kan ruwa. Na ji kamar in aka ce mu yi ta tafiya haka har abada ba zan yi musu ba. Baba na zaune a gabana, bayansa a miƙe, yana jan carbi. Sau ɗaya kawai ya juyo, ya nuna mini wata tsamiya a tsakiyar ruwa ya ce da rani a gindinta ake cin kasuwa. Sai na tuna da abin da ke cikin jakata, na janye hannuna daga ruwan.

Kwale-kwalen bai kai gaɓa ba. Kachala ta toshe hanya, sauran tafiyar sai da ƙafa, ruwa iya ƙugu. Baba ya naɗe wando, ya rataya takalmansa a wuya, ya ce in miƙo jakata. Na ce a'a, zan iya. Ya ce, "Za ka iya faɗuwa dai. Kawo." Ya zaro leda daga aljihu ya sa jakar a ciki ya ƙulle, ya sake sa ta a wata ledar ya ƙulle. Ya cire hularsa ya yi gammo da ita, ya ɗora jakar a ka, ya dafe da hannu ɗaya, ya shiga ruwa. Na bi shi ina tangaɗi. Sau biyu na zame, ɗaya har na sha ruwa, amma jakar ko girgiza ba ta yi ba. Ina kallon ta a kansa, a bushe, na fara fahimtar yadda takarda ke ƙetare fadama ba ta jiƙe ba.

Asibitin ɗakuna uku ne a kan wani ɗan tudu. Shugabarsa wata dattijuwa ce da ake kira Iya, ta fito tana ɗingishi. "Baba, ka dawo? Ko mun yi kuskure a amsar ne?" Ta ba mu tabarma da fura mai sanyi. Na yi ta maza na yi mata tambayar fom ɗin da bakina. Ta yi dariya. "Ɗan nan, na gaya wa Baba, in aka ba ni canji yau, gobe ba za ka same ni ba. Na fi shekara ashirin ina shiga ruwan nan, gwiwoyina sun gama. 'Ya'yana suna makaranta a gari, sai in yi wata ban gan su ba. Na ba wurin nan abin da zan iya."

Akwai wata matashiyar ma'aikaciya tana auna wani jariri. Na tambaye ta ita ma. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana son barin fatarta. "In tafi ina, Malam? Ga gidanmu can, mai rufin kwano. Ni na roƙa a kawo ni nan. Matar da ta haifi wannan tare muka yi firamare."

Duk abin da Baba ya rubuta, ga shi ina ji da kunnena. Amma har lokacin ban gane dalilin da ya sa tarin biyu suka saɓa ba. Sai idona ya kai kan takardar jerin ma'aikata da ke manne a bango. Sunayen da ke kai sun ninka mutanen da na gani. Na ce, "Iya, ina sauran?"

"Suna tudu."

"Tudu ina?"

Ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro alwala. Sababbin da ake turowa daga gari, waɗanda ba su saba da ruwa ba, in hanya ta rufe ba a tilasta musu ƙetarewa. An daɗe da yin wannan tsarin. Sai su riƙa zuwa asibitin bakin kwalta mafi kusa da su, su yi aiki a can, su sa hannu a can, har ruwa ya janye. Tsofaffi kuwa da 'yan gari su ke riƙe wurin. "Akwai wani namu ma," in ji ta, "dogo, mai farin tabarau. Yaron kirki ne, ya iya allura, amma laka ce ba ya so ta taɓa masa takalmi."

Na ajiye furar, tunanina ya koma ranar da na yi masa tambaya. Na ga tagar nan, na ga kwalta da mai kankana, na ji muryarsa yana cewa ruwa ya ishe mu. Ashe ba raki yake ba, maganar wannan wurin yake yi, inda aka tura shi. Ni kuma na rubuta sunan asibitin da na same shi a ciki. Ba shi kaɗai ba, Allah kaɗai ya san su nawa ne. Sababbin fadama masu son tafiya duk sun taru a cikin tarina, suka cika mini rukunin sababbi da ƙorafi. Waɗanda suka rage wa Baba su ne waɗanda ruwa bai kora ba. Na ɗauki rukuni biyu masu suna ɗaya na gwada su da juna, alhali ba irin mutane ɗaya ba ne a ciki. Tarin da ya gurɓace nawa ne.

Na juya ga Baba, murya ƙasa ƙasa, na ce, "Baba, ka san da wannan?"

"Na rubuta maka ai. A bayan kowane fom, da fensir. Mutum nawa ke jerin, nawa na samu, nawa ke tudu."

Ban taɓa juya takardun ba. Kwamfuta ba ta da gurbin abin da ke bayan takarda, ni ma a lokacin ba ni da shi.

Da la'asar muka juyo. Ya sake naɗe jakar a leda biyu, ya sake gammo da hula, ya shiga gaba. Rana ta yi ƙasa, ruwan ya koma ja, balbelu na komawa gida a jere. Muna tsakiyar kachala, ruwa iya ƙugu, na ji ba zan iya kai wannan abin kwale-kwale ba. Na ce, "Baba, akwai wata takarda a cikin jakar nan."

Bai tsaya ba. "Na sani."

"Ka sani?"

"Ɗana, na yi shekaru ina kai wa mutane takardar da ba sa so. Na san yadda mai ɗauke da ita ke gaisuwa. Kwana biyu kana gaishe ni kana kallon bango."

Na ce, "To me ya sa ka ɗauke ta a ka? Da ka bar ni da ita, da na faɗi da ita tun ɗazu."

Sai a lokacin ya tsaya, ya juyo a hankali don kada jakar ta motsa. Babu fushi a fuskarsa, da ma a ce akwai. Ya ce, "Takardar ofis ce, a hannuna take. Ban taɓa jiƙa takardar ofis ba. Ba zan fara da wadda aka rubuta a kaina ba."

Ruwan da ke fuskata na bar shi a kan na fadama ne. Na ce ya yafe mini, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya ƙara da cewa in kula da ramin da ke gabana. Ban kula ba, na faɗa.

Washegari na gaya wa Hajiya komai, ban rage ba. Na sake zagaye asibitocina ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowa ainihin inda aka tura shi, na mayar da kowane fom tarinsa. Da na sake raba rukunan, kifewar nan ta lafa, wani abu daban ya fito wanda ba mu ma yi tunaninsa ba: ba sabunta ko daɗewa kaɗai ke sa mutum son tafiya ba, har da ko shi ɗan wurin ne ko baƙo. A rahoton aka ba da shawara biyu maimakon ɗaya, kuma aka sa sunan Baba a cikin waɗanda aka yi wa godiya. Na miƙa wa Hajiya ambulan ɗin, ta ƙi karɓa. Ta ce in riƙe, ni ya fi yi wa amfani.

Yanzu wannan aikin shi ne sana'ata, har ina koya wa wasu. Duk sanda na jera tarin amsoshi biyu na ga wani rukuni ya yi gabas a nan ya yi yamma a can, ba na fara tambayar wa ya yi ƙarya. Ina fara tambayar su wa aka samu a wurin ranar da aka je, su wa kuma ke tudu. Wani lokaci ina cikin kallon lambobi sai in ji ɗigar ruwa daga sandar kwale-kwale, in ga bado na kaucewa, sai wani ya taɓa ni in dawo. Kunyar ba ta tafi ba, ta dai zauna wuri ɗaya ta daina cizo.

Baba ya tsufa sosai, ya daina shiga ruwa. In na je Haɗeja nakan same shi a ƙofar gida, fensir a bayan kunne, in durƙusa in gaishe shi ina kallon idonsa. Ba ya taɓa ta da maganar, iyakarsa ya ce, "Ɗana, ana dai juya takarda?" In ce ana juyawa, Baba.

Ambulan ɗin yana nan a cikin durowata, ban taɓa buɗe shi ba. Ya ƙetare fadama sau biyu a kan mutumin da aka rubuta shi don a kora, kuma har yau babu ko ɗigon ruwa a jikinsa.